Shafin aji a intanet: a gina shi daidai da wayar da ɗalibi zai ara

Wata malama da ke koyar da ilimin halittu a wata lise, wato makarantar sakandare, ta gwamnati a Marwa da ke Kamaru ta aiko da tambaya. Ta ce tana riƙe da 'yan ajin BEPC da 'yan ajin Probatoire, wato masu shirin waɗannan jarrabawa biyu na sakandare, kuma kowane aji ya haura mutum 80. Ta buɗe musu zaure a WhatsApp, amma duk darasin da ta tura, kafin kwana biyu ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar biki da ta'aziyya. Yanzu tana so ta yi wa azuzuwanta shafi a intanet. Abin da ke hannunta waya ce ƙirar Tecno da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda batirinta ba ya riƙe caji. Tana tambaya ko dole sai ta koyi rubuta shirin kwamfuta, da nawa abin zai ci mata, da kuma ta ina za ta fara.

Assalamu alaikum Malama, Allah ya saka miki da alheri kan wannan himma. Ba dole sai kin koyi rubuta shiri ba, kuma a shekarar farko ba sai kin biya kowa ko sisi ba, in ban da kuɗin mega da na fotokofi. Ni ilimin kwamfuta nake koyarwa a Garwa, kuma na sha zama da abokan aiki muna haɗa irin wannan shafi. Abin da na gani shi ne, ginin kansa ba ya gagarar malami. Yamma ɗaya ta isa. Abin da ke kashe shafukan malamai shi ne a gina su a kan kwamfutar malami, da rezo mai kyau, wato intanet mai ƙarfi, ya duba ya ga abin ya yi masa kyau, alhali ba a irin wannan hali ɗalibi zai buɗe shi ba.

Don haka kafin ki taɓa kwamfutar nan, ki kawo wata yarinya daga ajinki a zuciyarki. Gidansu yana Dugoi ko can Meskin. Ba ta da waya, kuma ko tana da ita, dokar yawancin makarantunmu ta hana a shiga da waya. Sai bayan sallar lisha, ta gama wanke-wanke, sannan za ta ce wa yayanta: "Yaya, ara mini wayarka in duba aikin Malama." Wayar ƙaramar Itel ce, gilashinta ya tsage, cikinta ya cika da hotuna har ba ta karɓar sabuwar manhaja. Megan da ya saya na wuni ɗaya ne kuma ya kusa ƙarewa. Yana tsaye a kanta yana jira. Tana da minti goma, wataƙila ƙasa da haka. Duk shawarar da za ki yanke kan shafin nan, daga launi har girman takarda, ki auna ta da wannan minti goma. Idan yarinyar ta sami darasin, ta sauke shi, ta mayar da waya ba tare da an yi mata faɗa ba, shafinki ya yi aiki.

Kuma kada ki tsaya a kan zato. Ki raba wa kowane ɗalibi guntun takarda, ba suna, ya amsa miki: akwai waya mai intanet a gidanku? Ta wane ne? Da wane lokaci ake ba ka ita? Wa ke sa mega? Kada ki ce a ɗaga hannu. Yaro ba zai yarda ya tona asirin gidansu a gaban 'yan aji ba, zai ɗaga hannu ko da ba su da komai. Ki ware amsar 'yan mata da ta maza ta hanyar sa su rubuta harafi ɗaya a saman takardar, domin sau da yawa a nan ne bambancin yake fitowa.

Zauren WhatsApp ɗin nan kuma kada ki rushe shi. Shafin shi ne rumbunki, inda hatsi ke zaune har shekara ta zagayo, WhatsApp kuwa shi ne ƙwaryar da ake ɗebo na yau. Ki shiga saitin zauren ki mayar da shi sai masu kula da shi kaɗai ke iya tura saƙo, sannan ki buɗe wani zaure dabam na tambayoyi. Duk lokacin da kika sa sabon darasi a shafi, sai ki tura adireshinsa a zauren farko. Amma ga wani abu da malamai da yawa ba sa lura da shi: kamfanonin waya suna sayar da mega mai rahusa wanda WhatsApp da Facebook kawai yake buɗewa. Yaron da ke kan irin wannan tsari zai ga adireshin, ya danna, ya ƙi buɗewa. Saboda haka ki riƙa tura takardar kanta a zauren tare da adireshin. Wanda ya rasa ta daga baya ya san inda zai same ta.

Sai maganar abin da za ki yi ginin da shi. Moodle ki ajiye shi gefe. Manhaja ce mai kyau, jami'o'i da yawa a duniya suna amfani da ita tun fitowarta a 2002, amma tana son wurin ajiya na musamman da mai kula da ita, kaya ne da ya fi ƙarfin malami ɗaya. Google Classroom ma ba zan ba ki shawararsa yanzu ba, don kowane ɗalibi sai ya shiga da nasa asusun Google, kuma a wayar aro wannan rigima ce: asusun da ke cikin wayar na yaya ne ko na baba, yaron ya manta kalmar sirri, ko shekarunsa ba su kai 13 ɗin da Google ke nema a yawancin ƙasashe ba. WordPress.com na kyauta yana aiki, sai dai yana sa tallace-tallacen da ba ke kika zaɓa ba a gaban yara, ni kuwa ba na son wannan.

Saura biyu, dukansu na Google ne kuma kyauta: Google Sites da Blogger. Google Sites ya fi sauƙin tsarawa, jawowa kawai ake yi a ajiye, kuma yana ba ki shafi cikin shafi yadda za ki raba aji-aji da babi-babi. Matsalarsa biyu ce. Gyara shi sai da kwamfuta, a waya wahala ce tsantsa, sannan yana da ɗan nauyi wajen buɗewa idan rezo ya yi rauni. Blogger tsoho ne, tun 2003 yake hannun Google, ba shi da ƙawa, amma yana da manhaja a Android, za ki iya rubuta sanarwa ki wallafa kina zaune a ɗakin malamai. Tunda kwamfutarki sai da wuta take tashi, ni Blogger zan zaɓar miki. Aibinsa shi ne sabon rubutu yana hawa kan tsoho, wato irin ciwon WhatsApp ke nan, amma akwai maganin wannan, zan zo kansa.

Abu na farko da za ki buɗe ba shafin ba ne, sabon asusun Gmail ne na aikin koyarwa kawai, dabam da wanda hotunan iyalinki suke ciki. Kowane asusu yana zuwa da wurin ajiya na giga 15 kyauta, kuma idan takardu da sauti za ki riƙa sawa, wannan zai kai ki shekaru. Ki sa lambar wayar da kika tabbata ba za ki yar da ita ba, ki ƙara da wani adireshin imel na biyu don ranar da kika manta kalmar sirri, ki rubuta kalmar a littafin da ke zama a gida. Na ga malamin da aka sace masa waya a kasuwa, layin kuma ba da sunansa aka yi rajista ba, aikin shekara biyu ya tafi ke nan. Ki kuma sani cewa Google na iya goge asusun da aka yi shekara 2 ba a shiga ba. Wani amfanin asusu na dabam shi ne, ranar da aka yi miki canjin wurin aiki zuwa Mokolo ko Kuseri, za ki iya tafiya da shi ko ki miƙa wa wanda ya gaje ki ba tare da kin ba shi sirrinki ba.

Da wannan asusu za ki shiga blogger.com, ki ba shafin suna, ki zaɓi adireshi. Adireshin zai ƙare da blogspot.com. Ki sa shi gajere, ƙananan baƙaƙe, ba wasali mai alama a ka irin na Faransanci, ba lambobi barkatai, domin yara a bangon littafinsu za su rubuta shi da hannu su je gida su buga. Idan ba za ki iya faɗarsa da baki sau ɗaya yaro ya rubuta daidai ba, ya yi tsawo. Kada ki sa sunan makarantar a ciki sai da izinin shugaban makaranta. A wajen zaɓar kamannin shafi, ki ɗauki mafi sauƙi: farar ƙasa, baƙin rubutu, ba babban hoto a sama. Sannan ki rubuta gajeriyar sanarwa, ki danna Publier, wato wallafa, ki buɗe adireshin a wayar wani. Shi ke nan kina da shafi.

Maganin hawan sabo kan tsoho kuwa shi ne abin da Blogger ke kira Pages, wato shafukan da ba sa motsi. Ki buɗe ɗaya don 'yan BEPC, ɗaya don 'yan Probatoire, ki sa su su fito a saman shafin farko. A cikin kowanne ki jera babukan shekara bisa tsarin manhajar karatu, daga na farko har na ƙarshe, a ƙarƙashin kowane babi kuma abu uku: taƙaitaccen darasi, aikin gida, da gyaransa. Babin da ba ku kai ba tukuna ki bar sunansa kawai. Yaro ya danna ajinsa, ya danna babi, takarda ta sauka. Danni biyu, in ya yi yawa uku. Shafin farko kuma ki bar shi ga sanarwar mako: abin da za a karanta, ranar gwaji, abin da za a zo da shi.

Blogger ba ya riƙe takardun PDF da kansa. A Google Drive za ki ajiye su, ki kawo adireshinsu ki liƙa. A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe. Takardar da kika ɗora a Drive a kulle take, ke kaɗai kike ganinta. Za ki gwada a wayarki ta buɗe lafiya lau, don da asusunki kike ciki, amma yaro ya danna a ce masa ya nemi izini. Ki buɗe babbar jaka guda ta shafin a Drive, ki shiga Partager, wato wurin rabawa, ki mayar da ita kowa da ke da adireshin zai iya gani, a matsayin Lecteur, wato mai karantawa kawai, kada ki kuskura ki sa Éditeur, wato mai gyarawa, in ba haka ba kowa zai iya goge miki aiki. Duk abin da kika jefa cikin jakar daga baya zai bi wannan izini. Sunan takarda ma ki ba shi muhimmanci. Takarda mai suna IMG da jerin lambobi, da zarar ta sauka a wayar yaya ta ɓace. Ki sa mata irin "3e-babi4-narkewar-abinci-darasi", yadda ko bayan wata uku za a gane ta.

Yanzu ga inda nake so ki fi zuba ido, wato nauyin abin da kike ɗorawa. Hoto ɗaya da wayar zamani ke ɗauka yakan kai mega 3, wani ya fi haka. A ce darasinki shafi 6 ne kika ɗauke shi hoto-hoto, mega 18 ke nan. Ki ninka da ɗalibai 80, kin ci wa iyayen aji ɗaya mega 1,440 a kan darasi guda. Wannan darasin, idan buga shi kika yi a Word ko Google Docs kika mayar da shi PDF, da wuya ya kai rabin mega. Idan kuma ba ki da lokacin bugawa, rubutun hannunki ma ya wadatar, amma kada ki ɗauke shi da kyamara kai tsaye. A cikin manhajar Drive akwai wurin sikanin. Ki shimfiɗa takardar a inda haske yake, bakin taga da hantsi ya fi kyau, ki riƙe wayar a saitin tsakiyarta, ki zaɓi baƙi da fari. Zai yanke gefe-gefen, ya haɗa shafukan a takarda ɗaya mai sauƙi. Ki rubuta da baƙin biro mai kauri, shuɗi mai haske yana ɓacewa. Ni dokar da nake bi ita ce kowace takarda kada ta wuce mega 1, kuma ina rubuta nauyinta a gefen sunanta. Yaron da ya ga an rubuta rabin mega zai danna da ƙarfin gwiwa. Wanda bai san abin da zai tarar ba sai ya ji tsoro ya fasa.

Darasinki na halittu ne, zane ba zai rabu da ke ba: zuciya, ƙoda, fure, ƙwayar halitta. Zanen da kika yi da hannunki, da layi masu kauri da sunayen sassa manya-manya, ya fi hoto mai launi da aka kwaso daga intanet amfani a ƙaramin gilashi, kuma shi ne irin wanda za a ce yaro ya zana ranar jarrabawa. Takardar A4 mai ƙananan rubutu azaba ce a waya, sai an yi ta ja ana matsawa. Ki ƙara girman baƙaƙen zuwa 14 ko 16, ki guji jadawali mai faɗi.

Bidiyo kuwa ki yi haƙuri da shi tukuna. Minti 10 na bidiyo, ko a ƙaramin inganci, yakan ci mega 40 zuwa 50. Minti 10 na murya irin ta saƙon WhatsApp bai cika wuce mega 2 ba. Kuma a nan akwai wata dama da aji ba ya ba ki. Takarda tana nan da Faransanci, da shi za a yi jarrabawa, amma muryarki za ta iya bi ta kan wurin da ya yi tsauri da Fulatanci ko Hausa: "Ku dubi zane na biyu, wannan bututun da na sa wa lamba 3, ta nan jini yake fita." Minti uku zuwa biyar a kan abu ɗaya tak. Yaron da ke jin kunyar tambaya a aji zai saurara sau biyar ba wanda ya sani, uwa ma da ba ta yi boko ba za ta ji abin da ake koya wa 'yarta. Idan akwai bidiyon da ya zama dole, adireshinsa kawai za ki sa, ki rubuta cewa bidiyo ne, kada ki dasa shi a cikin shafin ya riƙa jan mega da kansa. Ma'aikatar ilimin sakandare tana da darussan karatu daga nesa da ta fara ɗorawa tun bayan rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, kuma Khan Academy yana da sashen Faransanci. Ki kalla da kanki tukuna, ki zaɓi wanda ya dace da babinki, ki nuna musu shi kaɗai.

Idan za ki yi rubutu da Hausa ko Fulatanci a shafin, ki sa harshen a allon rubutu na Gboard don ki sami ɓ da ɗ da ƙ da ŋ. A Blogger suna fita daidai, amma a PDF wasu nau'o'in baƙaƙe na ado suna mayar da su akwati-akwati. Andika, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta yi don masu koyon karatu, da Noto Sans, duka kyauta ne kuma suna ɗauke da su.

Bayan wata ɗaya ko biyu, idan abin ya zauna, ki gwada Google Forms. Tambaya biyar ko goma masu zaɓi, ki sa amsar daidai, yaro ya gama ya ga makinsa nan take, ke kuma ki ga tambayar da yawancinsu suka faɗi, ki san abin da za ki maimaita ranar Litinin. Kada ki kunna wurin da ke cewa kowa sau ɗaya zai amsa, kada kuma ki nemi a ɗora takarda, domin waɗannan biyun suna tilasta shiga da asusun Google. Kuma ina roƙonki kada makin wannan gwaji ya shiga sakamakon zango. Ba ki san wa ya amsa ba, sannan zalunci ne a kan wanda ba shi da waya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Shafin aji yana iya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ya bar mara shi a baya. Dokar da za ki riƙe ita ce: babu abin da zai hau shafi wanda ba shi da hanyar isa ga yaro ba tare da waya ba. Kowace takarda ki fitar da kwafi ɗaya ki ba shugaban aji, ki ajiye wani a shagon fotokofi na kusa da makaranta don mai so ya je ya cira. Ki haɗa yara 'yan unguwa ɗaya su huɗu ko biyar a kan waya guda, 'yan mata da 'yan mata, don iyaye su saki jiki. Wanda ya sauke ya tura wa na kusa da shi ta Bluetooth ko Xender, wannan ba ya cin mega. A ƙarshen zango ki tara komai a katin memori. Idan makarantarku tana da ɗakin kwamfuta, ki yi magana da malamin da ke riƙe da shi kan Kolibri da Kiwix. Na farkon yana ajiye darussa da gwaje-gwaje a kwamfuta ɗaya, sauran su ɗauka daga gare ta ba intanet, na biyun kuma yana ajiye Wikipedia gaba ɗayanta a rumbun kwamfuta. Amfanin irin wannan tanadi yana fitowa ranar da karatu ya tsaya. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2024 ta shafi makarantu a Yagwa da yankin Logon da Shari ya san abin da nake nufi.

Sai amanar yara. Kafin ki ba ɗalibai adireshin, ki shiga ofishin shugaban makaranta ki nuna masa, in da hali ki sanar da ƙungiyar iyaye. Shafin a buɗe yake ga duniya, ko da kin shiga saiti kin hana Google nuna shi ga masu bincike, wanda kuma ya kamata ki yi. Don haka ba hoton fuskar ɗalibi, ba jerin sunaye, ba maki, ba lambar wayar kowa. Idan aikin wani yaro ya burge ki kina so a gani, ki nemi yardarsa, ki rufe sunan. Wurin da masu karatu ke yin sharhi ki kulle shi, ko ki sa sai kin duba kafin ya fito. Wannan ba tsoro ba ne kawai, doka ce: Kamaru ta kafa dokar kare yara a intanet a watan Yuli na 2023, ta kuma kafa ta kare bayanan mutane a watan Disamba na 2024. Ki kuma sa wa kanki iyaka, tambaya a zaure ake yinta a gaban kowa, ba saƙon ɗalibi da malami su biyu da tsakar dare ba.

Littattafan da ke cikin jerin ma'aikata kada ki yi musu sikanin ki ɗora, haƙƙin masu su ne. Taƙaitawarki da zanenki da tambayoyinki su ne naki. Tsofaffin takardun BEPC da Probatoire tare da gyaran da kika yi da kanki su ne za su fi jawo yara, ki rubuta shekarar kowacce a fili. Amma duk takardar da aka turo miki aka ce ita ce za ta fito bana, kada ta kwana a wayarki, balle ta hau shafinki ko zaurenki. A 2020 sai da aka sake zana wasu takardun Bak, jarrabawar kammala sakandare, saboda sun fita kafin lokaci, kuma an kama mutane a kai.

Batun wuta kin fi ni sani. Arewacin Kamaru gaba ɗaya ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ana ji a jika, duk da tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage wani abu. Watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, su ne kuma lokacin bitar jarrabawa. Don haka ki raba aikin biyu: rubutu da sikanin ki yi su ba intanet, a waya ko a takarda, ɗorawa kuma ki tara ta zuwa lokaci ɗaya a mako, da sassafe ko can dare sa'ad da rezo ya fi sakewa. Tsofaffin takardun jarrabawa ki ɗora su tun Janairu.

Game da koyon HTML, wato alamomin da ake rubuta shafukan intanet da su, ba sharaɗi ba ne, amma idan ranki yana so ba zan hana ki ba, don ba shi da wuyar da ake zato. Ki buɗe manhajar rubutu ta Bloc-notes a kwamfutarki, ki rubuta <h1>Ajin BEPC</h1> a layin farko, a na biyu <p>Barka da zuwa</p>, ki ajiye da sunan index.html, ki danna shi sau biyu. Zai buɗe a matsayin shafi, ba tare da intanet ba. Alamar h1 ta kanun shafi ce, alamar p ta sakin layi ce, alamar "a" kuma ita ce ke kai mutum wani shafi. Da waɗannan ukun da wasu 'yan kaɗan za ki iya gyara abin da ya karkace a Blogger, don yana da wurin da ake ganin HTML ɗin kowane rubutu. OpenClassrooms yana da darasin HTML da CSS da Faransanci wanda ake karantawa kyauta, kuma 'yan manyan azuzuwa suna taɓa HTML a darasin kwamfuta, za ki sami mai zama da ke. Su taya ki bugawa da gwadawa, amma kalmar sirri ta tsaya a wurinki.

Kuɗi kuma, abin da za ki kashe shi ne megan ɗorawa da fotokofi. Adireshi na kanki mai ƙarewa da .com yakan kama dalar Amurka 10 zuwa 15 a shekara, mai ƙarewa da .cm kuma yana ƙarƙashin hukumar ANTIC. Ko wanne ne, kowace shekara sai an sabunta, ranar da aka manta shafin ya ɓace wa yara. Ki bar wannan sai shafin ya yi shekara yana aiki. Wanda duk ya ce ki kawo dubban sefa ya gina miki, ki tambaye shi wa zai riƙa sa darasi duk mako bayan ya karɓi kuɗinsa.

Kada ki ce sai kin ɗora darussan shekara gaba ɗaya kafin ki buɗe. Ki fara da aji ɗaya, 'yan BEPC, da babin da kuke ciki yanzu: takardar darasi ɗaya, aikin gida ɗaya, murya ɗaya. Ki zaɓi rana guda a mako, a ce Asabar, ki gaya musu kowace Asabar akwai sabon abu, ki kuma cika alkawari, domin yaron da ya ƙona megan yayansa sau biyu bai tarar da komai ba, ba zai koma ba. Kafin ki rubuta adireshin a allo, ki nemi waya mafi rauni a cikin gidanku ko ta maƙwabta, ki miƙa wa yaron da bai taɓa ganin shafin ba, ki ce ya nemo miki aikin gida na babi na huɗu. Ki yi shiru, kada ki nuna masa komai, ki dai kalli inda yatsansa ya tsaya yana dube-dube. Wurin nan za ki gyara, ki sake ba wani yaron, sannan ranar Litinin ki sa 'yan aji su kwafi adireshin a bangon littafinsu.